Me ya sa Botswana ta yi mana nisa, alhali kusan tare muka tashi?

Ɗalibi daga Harobanda, Yamai:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ina karatun tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, Botswana kuma a 1966. Dukanmu ba mu da gaɓar teku, dukanmu hamada ta cinye mafi yawan ƙasarmu, kuma dukanmu Allah ya ba mu ma'adinai, su lu'ulu'u, mu yuraniyom. Amma yau abin da ɗan Botswana yake samu a shekara ya ninka na ɗan Nijar kusan sau goma. Ina gizo yake saƙar?

Tsohon ma'aikacin baitulmali, Yantala:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da yadda kowace ƙasa ta riƙe kuɗin ma'adinanta. An gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, kuma gwamnatin Seretse Khama ta yi ciniki da kamfanin De Beers har ta kai ga mallakar rabin kamfanin haƙar, wanda yanzu ake kira Debswana; sannan ta saba da ajiye rarar shekarun wadata domin shekarun tsanani. Mu kuwa an fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuma da farashinsa ya tashi sai muka buɗe hannu. A zamanin Janar Seyni Kountché aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka gina otal ɗin Gaweye, aka kuma ci bashi bisa zaton kasuwa za ta dore. Ba na cewa ayyukan ba su da amfani, amma da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, fari ya biyo baya a 1984, sai ya zama ba mu da abin kamawa. Na ga lokacin da ma'aikata suka yi ta jiran albashi wata da watanni, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi.

Alhaji mai albasa, Tawa:

Ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce, amma ina ganin ba a yi mana adalci ba idan aka ce rashin teku iri ɗaya ne. Botswana tana jingine da Afirka ta Kudu, wadda take da layin dogo da tashoshin ruwa, kuma suna raba kuɗin duwan a ƙungiya ɗaya. Mu kuwa daga Yamai zuwa Kwatano kusan kilomita 1,000 ne, kuma da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina. Na sha ɗora albasar Galmi zuwa Akra, na tsaya a shinge bayan shinge, zafi yana dafa buhuna a cikin mota. Idan aka sauke, sai ka tarar da ruwa yana ɗiga daga na ƙasa, a zubar da su. Manomi kuma yana sayarwa da araha lokacin kaka domin rudunsa, wato rumbun ajiyar albasa, ba ya riƙe ta tsawon watanni. Ribar da ta kamata ta zama jari, hanya da ruɓewa ne suke cinye ta.

Malama daga Talaje, Yamai:

Alhaji ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, sai dai ƙanena ɗalibi ya manta da lissafin yawan jama'a. Mutanen Botswana ba su kai miliyan 3 ba, mu kuwa ƙidayar 2012 ta same mu sama da miliyan 17, kuma kusan rabinmu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ko da yuraniyom ya kawo abin da lu'ulu'u yake kawowa, rabon kowa ba zai taka kara ya karya ba. Saboda haka na fi son a auna mu da Biyetnam, wadda ta sake tsarin nomanta daga 1986, ta bar manomi ya ci gajiyar guminsa, ta zama mai fitar da shinkafa, sannan yaran da suka iya karatu suka cika masana'antu. A ajin da nake koyarwa, yara suna zaune a ƙasa cikin rumfar zana, kuma da damina ta faɗi karatu ya tsaya.