Young Justice: me ya sa zango ɗaya ya ci wata 17 ana haska shi?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata kan katun ɗin nan ne na Young Justice, na matasan jaruman DC da ke aiki a ƙarƙashin Justice League. Jerin ranakun da aka haska shi ya ɗaure min kai. Kashi na 1 an rubuta Nuwamba 2010, kashi na 26 kuma Afrilu 2012, amma duk an ce zango na ɗaya ne. Mako ɗaya bayan nan sai ga zango na biyu ya fara. Shin masu rubuta jerin ne suka yi kuskure, ko zango biyu aka haɗe wuri guda? In kuma haka aka haska shi, me ya jawo? Sannan wanda zai fara kallo yanzu, wane tsari zai bi don kada ya tsallake wani abu?

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Babu kuskure a jerin, haka tashar Cartoon Network ta Amurka ta yi da shi.

Ranar 26 ga Nuwamba 2010 aka haɗa kashi na 1 da na 2 aka haska su a matsayin shiri na musamman na awa ɗaya. Daga nan shiru sai 7 ga Janairu 2011, inda aka sake farawa daga kashi na 1, duk yammacin Juma'a. Aka tafi har kashi na 9 ranar 11 ga Maris, sai aka tsaya cak. Kashi na 10 bai fito ba sai 16 ga Satumba, wato mako 27 ana jira. Aka yi daga na 10 zuwa na 18, aka sake tsayawa ranar 18 ga Nuwamba. Sauran takwas ɗin sai 3 ga Maris 2012 suka fara fitowa, kuma an ɗauke shirin daga yammacin Juma'a an mayar da shi safiyar Asabar, cikin wani sabon fili na awa ɗaya mai suna DC Nation, tare da katun ɗin Green Lantern. Zango na ɗaya ya ƙare 21 ga Afrilu. Kashi 26 da za su ƙare cikin wata shida in da mako-mako aka bi, sun ci kusan wata 17.

Zango na biyu, mai laƙabin Invasion, kashi 20 ne. Ya fara 28 ga Afrilu 2012, aka yi bakwai, aka tafi hutu 9 ga Yuni. Aka dawo 29 ga Satumba, aka yi biyu kacal. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne na Asabar 13 ga Oktoba: jadawali ya nuna akwai sabon kashi, masu kallo suka zauna, sai ga katun ɗin Dragons: Riders of Berk a wurin. An cire DC Nation gaba ɗaya ba tare da sanarwa ba. Daga baya tashar ta ce zai dawo a Janairu, ba ta faɗi dalili ba. Wani abin dariya ma, kashin da aka fasa haskawa ya bayyana a iTunes, kantin sayar da shirye-shirye na intanet, washegari, don haka wasu suka riga wasu gani da kusan wata uku. Ya dawo 5 ga Janairu 2013, aka yi sauran 11 a jere har 16 ga Maris.

Ka haɗa lissafi: kashi 46 cikin mako 120 ko kusa da haka. Makonnin da babu sabon kashi sun fi waɗanda ake da shi yawa.

Mai_Zane:

Yaya Tsohon_Hannu ya gama da ranaku, bari in taɓa dalili.

Da farko a raba mai yin shiri da mai haska shi. Warner Bros. Animation ne ya yi Young Justice, ƙarƙashin Greg Weisman da Brandon Vietti. Cartoon Network kuma a lokacin tana ƙarƙashin Turner. Duka biyun a lokacin na Time Warner ne, amma kowa da shugabanninsa da lissafin kuɗinsa. Mai yin shiri yana miƙa kaya, ranar haskawa kuwa ba a hannunsa take ba.

Na biyu, irin wannan katun ba ya dahuwa da wuri. Sai an rubuta labari, a ɗauki muryoyi, a zana tsarin kowane fage hoto bayan hoto, sannan a tura Koriya ta Kudu, inda kamfanonin MOI Animation da Lotto Animation suke yin ainihin zanen mai motsi a lokacin. In ya dawo a duba, a mayar da wuraren da suka lalace a sake su, a sa kiɗa da sauti. Kashi ɗaya na minti 22 yana cin watanni masu yawa, ko da yake ana aikin da dama a lokaci guda. Idan tasha ta fara haskawa tun ba a tara kashi masu yawa a ƙasa ba, tana cin ɗaya duk mako, dole ta cim ma masu aiki ta tsaya jira.

Sai dai wannan bai isa ya wanke tashar ba. Kashin nan na Oktoba 2012 a kammale yake, tun da har iTunes ya same shi. Kuma a ganina ba banza ba aka riƙe takwas na ƙarshen zango na ɗaya har ranar buɗe DC Nation: sabon fili yana buƙatar sabon kaya da zai ja mutane. Ga tashar yara, maimaici riba ne, domin an riga an biya kuɗin shirin, kuma talla tana shiga kamar kullum. Katun na barkwanci da kowane kashi ke cin gashin kansa ba ya jin wannan, ko daga ina ka shiga za ka yi dariya ka wuce.

Young Justice kuwa labari ɗaya ne mai tsawo. A zango na ɗaya ana ta neman wanda ke kai wa ƙungiyar mugaye ta The Light rahoto daga cikin jaruman, kuma ana jefa alamu ƙanana a nan da can: wata kalma, wani abu da aka sace a wani kashi wanda amfaninsa ba zai fito ba sai can gaba. Yaro ɗan shekara tara da ya ga alamar a Maris, wa zai ce ya riƙe ta har Satumba? Ga kuma kwanan wata da ake rubutawa a jikin allo a farkon fage. Labarin ya fara 4 ga Yuli, ya ƙare daren shiga sabuwar shekara, wata shida ke nan a cikin duniyarsu. Jadawalin ya wargaza wannan: kashin daren Halloween, na 31 ga Oktoba, sai 18 ga Nuwamba ya fito, na sabuwar shekara kuma a Afrilu.

Mafi muni a wurina shi ne mako ɗaya tak da aka bari tsakanin zango na ɗaya da na biyu. A cikin labari shekara biyar ce ta wuce. Robin ya zama Nightwing, wani yaron ya gaji sunan, an cika tawagar da sabbin fuskoki irin su Blue Beetle, wasu tsofaffin kuma babu su. A nan ne hutu zai yi amfani, a nan ne kuma ba a yi shi ba.

Dan_Lissafi:

Anti Mai_Zane, na yarda da bayaninki, amma kada ɗan'uwanmu ya tafi da tunanin cewa jadawali kaɗai ya kashe shirin a 2013. Weisman da kansa ya bayyana cewa kuɗin yin shirin yana ɗaure da cinikin kayan wasan yara na kamfanin Mattel. Kayan ba su karɓu yadda ake so ba, Mattel ya daina yin su, kuɗi ya yanke. Jita-jitar da ke yawo cewa an soke shi ne don 'yan mata sun yi yawa cikin masu kallo, shi ma ya musanta ta. Inda jadawali ya shigo shi ne, yaron da ya yi wata shida bai ga sabon kashi ba da wuya ya matsa wa iyayensa su saya masa mutum-mutumin Aqualad, ɗaya daga cikin jaruman shirin. Teen Titans Go! da Beware the Batman ne suka maye gurbinsa da na Green Lantern a cikin DC Nation.

Hujjar cewa shirin ba shi da laifi ta fito bayan ya shiga Netflix, inda mutum zai kalli biyar ko goma a zama ɗaya. Masoya suka yi ta kira, a Nuwamba 2016 aka sanar da zango na uku.

Sabon_Shiga, ga amsar tambayarka ta ƙarshe. Ka manta da ranakun haskawa, ka bi lambar kashi kawai, domin duk da tsaye-tsayen nan ba a hargitsa jerin ba. Zango na ɗaya 26, na biyu 20, na uku mai suna Outsiders 26, na huɗu mai suna Phantoms 26, jimilla 98. Kada ka tsallake ko ɗaya don ka ga kamar ba shi da alaƙa da babban labari, yawancinsu a minti biyu na ƙarshe suke ɗaure zaren. Idan ka shiga zango na biyu ka ga komai ya canza, ba wani kashi ka rasa ba, da gangan aka yi, kuma a hankali ake warware abin da ya faru. Mai son ƙarin haske akwai mujallar zane ta DC da ta fito daga 2011 zuwa 2013 tana cike giɓin da ke tsakanin kashi da kashi, da wasan bidiyo na Young Justice: Legacy na 2013 da ya faɗa cikin shekara biyar ɗin nan. Ba dole ba ne, ana fahimtar labarin ba tare da su ba.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To da ya koma intanet, an daina wannan tsaye-tsayen?

Tsohon_Hannu:

Ba a daina ba, ƙanena, an dai rage wulaƙancin. Outsiders ya fara 4 ga Janairu 2019 a manhajar DC Universe, aka saki 13 cikin Juma'o'i huɗu, sai aka tsaya har 2 ga Yuli, aka ƙarasa 27 ga Agusta. Phantoms ya fara 16 ga Oktoba 2021 a HBO Max, rabin farko ya ƙare a ƙarshen Disamba, rabi na biyu ya tashi daga 31 ga Maris zuwa 9 ga Yuni 2022. Bambancin shi ne a nan an raba zangon gida biyu daidai, 13 da 13, kuma hutu ɗaya ne a tsakiya. In za ka ɗan huta a zanguna biyun nan, ka tsaya bayan kashi na 13. A zango na biyu kuwa kada ka tsaya bayan na 7 ko na 9, inda tashar ta tsaya, domin a nan ne labarin ya fi zafi.