Aiki ya biyo ni har gida, ku ba ni shawara

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin lissafin kuɗi nake yi a wani kamfani. Tunda aka kafa dokar hana fita saboda tashin hankalin nan, aka ce kowa ya yi aiki daga gida, makarantar yara ma aka rufe. Teburin falo ya zama ofis ɗina. Ina tsakiyar taro a Zoom, sai ƙaramar 'yata ta ɗora takardar zanenta a kan kwamfutar, ta tsaya tana kallona har sai na ce ya yi kyau. Kafin na lallaɓa ta na kunna makirufo, an wuce maganar da aka tambaye ni. Ƙarfe 10 na dare kuma shugabana zai turo saƙo a WhatsApp, wai ai ina gida. Ga fargabar abin da ke faruwa a waje, barcin kirki ma ya gagare ni. Yaya kuke yi?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Na ɗanɗana irin wannan a kullen korona na 2020. Abin da ya cece ni shi ne rubuta wa shugabana awannin aikina a imel, daga ƙarfe 8 zuwa 4, na kuma cire WhatsApp ɗin aiki daga wayar da nake kwana da ita. Wannan ba raini ba ne. Faransa ta ba ma'aikata haƙƙin kashe na'urorin aiki bayan tashi tun 2017, Portugal kuma a 2021 ta hana shugabanni neman ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura. Idan kin tashi, rufe kwamfutar ki saka a jaka, kada ta kwana a kan teburin.

Anti Nas:
Ƙanwata, ni barcin nan ya fi damuna. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya nuna yin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Lissafa awannin dare da kike ƙarawa, za ki sha mamaki. Labarai kuma ki duba safe da yamma kawai.

Ɗan Kwantiragi:
Malam Injiniya, da girmamawa, ba kowa ne zai iya wannan imel ɗin ba. A irin wannan hali ake sallamar mutane, wanda ya ja layi shi ake fara tunawa. Ni idan saƙon dare ya shigo, amsa ɗaya nake bayarwa: na gani, zai iso maka kafin 9 na safe. Kuma ina cika alkawarin. A hankali suka daina jiran komai da dare. Sannan Yaya, ina maigidan naki? Idan shi ma yana gida, ku raba ranar biyu, ki tura tarurrukanki zuwa lokacin da yaran ke hannunsa.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Yana gida, amma aikinsa kiran waya ne duk yini. Yau da dare za mu zauna mu ga ko zai iya riƙe su daga 9 zuwa 12, don nan ne taron ya fi yawa.