Wai da gaske wannan manhajar tana biyan kudi?

Tambaya: Jama'a na shiga wata sabuwar manhajar sada zumunta mai biyan mutane in sun yi posting, maki na ta taruwa amma wurin cire kudin ya ki budewa wai sai na gayyato mutane, abin ya dame ni wallahi, akwai wanda ya taba cira?

Amsa: Dan uwa ka bi a hankali, masu biya na gaskiya daga kudin talla suke raba maka, kamar YouTube sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin su fara ba ka kason talla.

Amsa: Ni dai da an ce saka kudi kafin ka cire, fita nake yi.

Amsa: Kar ka ba su lambar sirrin bankinka don Allah.