Wai babban kulob ba ya mutuwa saboda bashi?

Nura: Assalamu alaikum 'yan majalisa. Jiya a gidan kallo an taru a kaina ana cewa Barcelona ta karye, bashi ya cinye ta. Hayaniya ta hana ni bayani, shi ya sa na kawo maganar nan. Matsayata ita ce, kulob mai tarihi da magoya baya ba ya mutuwa saboda bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A watan Agustan 2021 shugaban kulob ɗin Laporta da bakinsa ya ce ana bin Barca yuro biliyan 1.35, kowa ya ce an gama da mu. A 2023 muka ɗauki Laliga, a 2025 muka sake ɗauka. Mai hujja ya kawo.

Usman: Wa alaikumus salam Yaya Nura. Portsmouth fa? Ina ƙaramar sakandare lokacin da Kanu ya zura wa Cardiff ƙwallo a Wembley suka ci kofin FA a 2008. Har yau ina tuna yadda benci ya karye da mu a gidan kallo saboda tsalle. Ko shekara biyu ba a cika ba, a Fabrairun 2010, kulob ɗin ya kasa biyan bashi aka karɓe shi daga hannun masu shi aka damƙa wa masu kula da kadara. Aka cire musu maki 9, suka faɗo daga Firimiya. Zuwa 2013 suna rukuni na huɗu.

Nura: Ƙanena ai hujjata ka kawo. Ina Portsmouth take yau? Magoya bayanta ne suka haɗa kuɗi suka saye ta a 2013, a 2024 kuma ta hau Championship, wato rukuni na biyu. Wannan ciwo ne, an kuma warke.

Malam Sabi'u: To Bury fa? An kafa ta a 1885. Ta ci kofin FA sau biyu, 1900 da 1903, na biyun ma 6-0 ta lallasa Derby a wasan ƙarshe. A Disamban 2018 wani Steve Dale ya saye ta a kan fam 1, da bashinta da komai. 'Yan wasa suna buga ƙwallo ba albashi, a haka suka samu hawa rukuni na uku. Watan Agustan 2019 aka kore ta daga gasar gaba ɗaya. Ba a koma buga wasa da sunan Bury a filinsu na Gigg Lane ba sai 2023, a rukuni na tara.

Nura: Malam da girmanka, Bury ƙaramin kulob ne. Ni babba na ce.

Malam Sabi'u: Ga mutumin garin da kakansa ya fara kai shi filin nan yana yaro, babu wanda ya fi shi girma. Amma naji, bari mu hau sama. Rangers ta Scotland ƙarama ce?

Garba: A nan ina bayan Nura. Rangers ta faɗi a 2012, gaskiya ne, ta koma rukuni na huɗu tana zuwa ƙauyuka buga wasa. Amma filin Ibrox bai daina cika ba. A 2016 ta dawo sama, a 2021 koci Gerrard ya ɗauki kofin lig da ita ba a doke ta ko sau ɗaya ba, da su Aribo da Balogun da Bassey a ciki. A 2022 har wasan ƙarshe na Europa ta kai, Aribo ya ci ƙwallo, sai a bugun fenariti Frankfurt ta yi nasara. Ku ƙara da Napoli: ta karye a 2004, De Laurentiis ya saye ta ya ɗauke ta daga rukuni na uku, Osimhen ya ci kofin Serie A da ita a 2023. Parma ta karye a 2015, ta yi hawa uku a jere ta dawo a 2018. Komai lalacewar masa ta fi kashin shanu.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri in sa baki, aikina ke nan lissafin kuɗin kamfani. Kuna haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai suna da riga da fili da magoya baya, akwai kuma kamfanin da ya ci bashin. A Rangers, hukumar haraji ta Birtaniya ta ƙi yarda da tayin sulhun da aka kawo a watan Yunin 2012, sai aka kama hanyar rushe tsohon kamfanin. Filin wasa da wurin atisaye da sauran kadara aka sayar wa Charles Green da mutanensa a kan fam miliyan 5.5. Sabon kamfani ya ɗauki riga da suna ya ci gaba, bashin kuma aka bar shi a kan gawar tsohon. Shi ya sa har gobe magoya bayan abokiyar hamayyarta Celtic suke cewa wannan sabon kulob ne. Ni ba wannan gardamar ce ta dame ni ba. Tambayata ita ce, waɗanda suke bin kuɗinsu ina suka nufa?

Garba: Anti, ai bankuna ne da gwamnati. Ba za su kwana da yunwa ba.

Maman Hanif: A'a Garba, ba su kaɗai ba ne. A Ingila akwai ƙa'idar da ta ce in kulob ya karye, a fara biyan 'yan ƙwallo da sauran kulob ɗin da ke bin sa, cif-cif, kafin a waiwayi kowa. Abin da ya rage shi ake raba wa saura. A Portsmouth tayin da aka yi wa sauran masu bin bashi a 2010 shi ne kashi 20 cikin 100, wato mai bin fam 100 ya karɓi 20 ya haƙura. A cikin jerin sunayen har da ƙungiyar agajin St John Ambulance, waɗanda ke tsayawa a bakin fili saboda in wani ya faɗi. Da ƙananan 'yan kasuwan garin. Ɗan wasa mai ɗaukar dubban fam a mako an kare masa haƙƙinsa, mai kawo abinci da mai gyaran famfo su ne a ƙarshen layi. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai.

Alhaji Baba: 'Yata kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Nura, ɗana, saurara. Shekarun baya na ba wani kamfani yadi na ɗinkin kayan ma'aikatansu, bandir-bandir, a kan za su biya ƙarshen wata. Wata ya ƙare, wani ya bi. Ranar da na je da kaina na tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Bayan wata bakwai aka buɗe wurin da sabon suna, fenti ɗaya, mai gadi ɗaya, har manajan shi ne dai. Na miƙa masa takardata ya karanta, ya ce wallahi Alhaji ya san gaskiyata, amma wancan kamfanin ne ya ci, wannan bai san da ni ba. Yara biyu na sallama daga shago a shekarar. Littafin da na rubuta bashin yana nan cikin durowa, ban iya yaga shafin ba. Duk wanda ya wuce ta titin zai ce kamfanin nan bai mutu ba.

Usman: Allah Ya mayar da alheri Baba.

Nura: Amin. Baba na ji wannan, kuma ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma Barca daban ce. Ba ta da wani attajiri da zai tattara ya gudu, mambobinta ne ke da ita, su ke zaɓen shugaba. Ba ta taɓa shiga hannun masu kula da kadara ba. Bashin ma an san inda ya fito: an sayar da Neymar yuro miliyan 222 a 2017, shugaban wancan lokacin Bartomeu ya zuba kuɗin a kan Dembele da Coutinho, ya ƙara da Griezmann miliyan 120, albashi ya yi sama, sai korona ta rufe fili. Kuskuren shugabanci ne, an kuma canza shugaba.

Malam Sabi'u: Wanda ya yi kukan rabuwa da Messi bai kamata ya ce bashi bai yi masa komai ba. Ina zaune kusa da kai ranar 8 ga Agustan 2021 da aka nuno shi yana share hawaye. Ka ajiye shayinka ka fita, ba ka dawo ba sai bayan isha'i. Mutumin ya yarda a rage rabin albashinsa, duk da haka dokar kashe kuɗi ta Laliga ta hana a yi masa rajista. Ya tafi PSG kyauta.

Nura: Ban musa ba Malam. Ranar ta yi mini zafi.

Maman Hanif: Kofin 2023 ɗin ma ka duba da me aka saye shi. A 2022 Barca ta sayar wa kamfanin Sixth Street na Amurka kashi 25 cikin 100 na kuɗin haska wasanninta na Laliga har tsawon shekara 25, ta karɓi sama da yuro miliyan 500 a hannu. A wannan bazarar aka kawo Lewandowski da Raphinha da Kounde. A 2023 kuma aka ƙara cin bashin yuro biliyan 1.45 don aikin sabon filin wasa na Camp Nou.

Alhaji Baba: Manomi ke nan da ya karɓi kuɗin hatsinsa tun da damina. Da kaka zai ga dami a gona, amma wani ne zai zo da amalanke.

Garba: Fili ai jari ne Baba. In an gama shi kuɗin shiga zai ƙaru, shi zai biya kansa.

Malam Sabi'u: Haka Ridsdale ya lissafa lokacin yana shugaban Leeds. Ya ci bashin fam miliyan 60 a kan kuɗin tikitin da bai shigo ba, yana sa ran kullum za su je gasar Zakarun Turai, tunda sun kai kusa da na ƙarshe a 2001. Da suka rasa gurbin sai aka fara sayar da 'yan wasa, Rio Ferdinand ya tafi Man United, har filin Elland Road aka sayar. Shekara 16 suka yi ba su leƙa Firimiya ba, daga 2004 zuwa 2020. Ga Bordeaux nan kwanan nan, mai kofin lig na Faransa shida, inda Zidane ya yi suna. A 2024 ta ajiye lasisin ƙwararru, ta rufe makarantar horar da yara, ta koma rukuni na huɗu.

Alhaji Baba: Mu nan Kano mun ga Raccah Rovers ta ci kofin lig na ƙasa a 1978. Ku tambayi yaran gidan kallo ko akwai wanda ya taɓa jin sunanta.

Nura: To bari in gyara maganata. Na janye cewa bashi ba ya kashewa, tunda ga Bury ga kuma abin da Anti ta faɗa a kan waɗanda ake bari da asara. Amma har yanzu ban yarda Barcelona za ta bi hanyar Bordeaux ba. Kulob ɗin da makarantar horar da yaransa ta La Masia ke fitar masa da irin su Lamine Yamal da Gavi ba tare da ya saye su ba yana da abin da zai tsaya a kai.

Maman Hanif: Ni ma ban ce gobe za ta rushe ba Nura. Amma yarjejeniyar Sixth Street sai wajen 2047 za ta ƙare. Hanif ɗina da ka saya wa rigar Barca an haife shi a 2019. Sai ya kai shekara 28 kafin kuɗin talabijin ɗin nan ya dawo hannun kulob ɗinsa gaba ɗaya.