Neman kalmar Hausa: "tombstone" a rumbun bayanai

MaiDarasi: Salamu alaikum. Gobe da safe zan koyar da darasi kan Cassandra, wata manhajar rumbun bayanai, na maƙale a "tombstone" (a Turanci, dutsen da ake kafawa a kan kabari). Fayil in an riga an rubuta shi a faifai, ba a sake taɓa shi. To in ka ce a goge layi, ba kankare shi ake yi ba, wata sabuwar alama ake rubutawa mai ɗauke da lokaci, ta ce wancan ya mutu. In an zo karantawa aka ci karo da ita, sai a tsallake tsohon. Me zan kira ta?

Injiniya: Alamar gogewa. Ki wuce wurin, Malama.

Alƙalami: Ai ba a goge komai ba tukuna. Alamar sokewa ta fi. An soke, amma rubutun yana nan.

Tsantsa: Dutsen kushewa. Kuma kada wanda ya ce min kabari, Larabci ne. Kullum sai aro, kamar ba mu da kalma!

Alƙalami: Allah ya gafarta Malam, ita "kalma" ɗin daga ina ta zo?

Tsantsa: Wannan ta daɗe, ta zama 'yar gida.

Injiniya: Kushewa ba ta dace ba, don alamar ba dawwama take yi ba. Bayanin yana da kwafi a kwamfutoci da yawa. A ce ɗaya tana kashe lokacin da aka soke, ba ta ji labari ba. Shi ya sa Cassandra ke riƙe alamar daƙiƙa 864,000, wato kwana 10, in ba a canza ba. Bayan nan, sa'ad da ake haɗe tsofaffin fayiloli a fitar da sabo, sai a zubar da ita. In waccan kwamfutar ta dawo a makare, babu alamar da za ta ƙaryata ta, sai ta raba wa sauran tsohon bayani kamar sabo.

Tsantsa: Fatalwa ke nan! Ina fatalwa ke fitowa in ba daga kushewa ba?

Injiniya: Fatalwa kam na sallama maka.

Tsantsa: Ku 'yan boko ba kwa son a ce wani ya fi ku iya Hausa, shi ke nan.

MaiDarasi: Don Allah malamai, dare ya yi. Na ɗauki alamar sokewa, da fatalwa. Haɗe fayilolin fa, matsewa zan ce?

Alƙalami: Matsewa za ta rikice da rage girman fayil. Ki bar shi haɗewa zuwa gobe.

Tsantsa: Ni dai a nawa rubutun kushewa ce.