Jatan lande biyu a tanki ɗaya: wa ke cin wa?

Mai Tarwaɗa, daga wani ƙauye wajen Ringim:

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata kiwon tarwaɗa, amma ƙanina da ke Legas ya saka min sha'awar kifin ruwan gishiri, har na haɗa tankin gilashi mai cin lita 120 a soro, sola ke juya famfon. A ciki akwai murjani mai laushi, dodon koɗi huɗu, ƙaguwa biyu irin masu zama cikin katantanwa, sai jatan lande biyu. Ɗaya yana da farin layi a gadon baya tsakanin ja biyu, shi ne mai hawa jikin kifi yana tsince masa datti. Ɗayan ratsin ja da fari ne, da dogayen hannuwa masu almakashi.

Shekaranjiya da asuba na ga gawar mai farin layin a bayan dutse. Dodon koɗi guda ma ya tafi, ƙaguwa ta tare a gidansa. Wa zan tuhuma? Sannan dillalin yana tallata min wani jatan lande fari mai ɗigo-ɗigo, wai Hymenocera. In saya?

Ɗan Kazaure:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka karɓi gaisuwa, ɗago gawar nan ka duba. In fanko ce, ana hango haske ta cikinta, ba tsoka, kuma a tsage take ta bayan kai, to saɓa ya yi. Haka suke tuɓe ɓawo in suna girma, su laɓe kwana ɗaya ko biyu har sabon ya yi tauri. Haska tocila cikin ramukan dutse da dare, wataƙila ka hango farin gashin bakinsa yana motsi.

Sai dai a nan haɗarin yake. Mai almakashin nan, Stenopus hispidus, ba ya son kishiya. Ko ɗan uwansa yakan kashe in ba mace da namiji aka haɗa ba, balle mai farin layin, Lysmata amboinensis, da ya fito daga saɓa jiki laushi. A lita 120 babu wajen gudu. Ni da ni ne, mai almakashin zan fitar, in ƙaro wa mai farin layin abokin zama. Su ba sai ka nemi jinsi ba, kowanne mace ne kuma namiji.

Uwar Biyu:

Batun dodon koɗi kam kada a ɗora wa jatan lande, ƙaguwarka ce. In gidanta ya matse ta, kashe mai gida take yi ta shige. Zuba mata katantanwar teku marar kowa guda uku ko huɗu, waɗanda suka ɗan fi nata girma.

Hymenocera kuwa, Yaya, rufa wa aljihunka asiri. Tauraron teku, wata dabbar ruwa mai siffar tauraro, kaɗai yake ci, da ransa. Daga Ringim ina za ka riƙa samo masa?

Ɗan Kazaure:

Gaskiyar Hajiya. In ƙara da abin da ya fi damun mu nan: zafi. Ruwan na son digiri 24 zuwa 26, ma'aunin gishiri kuma wajen 1.025. Afrilu da Mayu muna haura 40, ruwa ya ƙafe, gishiri ya tsaya a ciki ya yi yawa, kuma jatan lande sun fi kifi jin wannan canjin. Abin da ya ragu ka cike da tataccen ruwa marar gishiri, kaɗan-kaɗan kullum, ban da na burtsatse kai tsaye. Kuma don Allah maganin tarwaɗa kada ya kusanci tankin. Duk mai sinadarin jan ƙarfe a ciki, da jatan lande da dodon koɗi da murjani zai share.

Mai Tarwaɗa:

Allah ya saka da alheri. Na duba, fanko ce, kuma na gan shi daren jiya a ƙarƙashin dutsen hagu, gashin baki ɗaya ya guntule. Yanzu yaya ake kamo mai almakashin ba tare da na rushe duwatsun ba? Da ya ga koma sai ya shige rami.