Python na ƙin rubuta ƙ da ɗ, kuma jerin sunaye na hargitsewa

Aminu_TudunWada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta wata 'yar manhaja da Python 3 a kan Windows, domin adana sunayen ɗalibai na wata Islamiyya a nan Tudun Wada. Da zarar ta kai kan suna irin Ɗanladi sai ta tsaya da `UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character`. Kuma `sorted()` na jefa Ɗahiru da Ƙasimu can ƙasan Zubairu. Ina gyaran yake?

MalamSani_Samaru: Wa alaikumus salam Aminu. Matsala ta farko daga `open()` take. Idan ba ka faɗa masa tsarin da zai rubuta da shi ba, sai ya ɗauki na kwamfutar, wanda a yawancin Windows ɗinmu cp1252 ne. Shi kuwa baiti ɗaya (ƙaramin ma'aunin ajiyar bayanai a kwamfuta) yake ware wa kowane harafi, gurabe 256 ke nan, an cike su da haruffan Turai ta Yamma, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Rubuta haka:

`open("dalibai.csv", "w", encoding="utf-8", newline="")`

Wajen karantawa ma sai ka sa `encoding` ɗin. A nan ake yin asara, domin karantawa ba lallai ta nuna kuskure ba, sai dai ka ga Ɗanladi ya koma ÆŠanladi. Dalili shi ne UTF-8 na ajiye Ɗ a baiti biyu, C6 da 8A, cp1252 kuma ya fassara kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa. Idan aka sake adana fayil ɗin a haka, ɓarnar ta zauna.

Hauwa_Kongo: Ƙari kan bayanin Malam: in da Excel za a riƙa buɗe fayil ɗin, sa `utf-8-sig`. Yana saka baiti 3 a farkon fayil, su ne alamar da Excel ke dubawa ya gane UTF-8 ne.

Batun jeri kuwa, `sorted()` bai san abacadar Hausa ba, lambar Unicode, wato lambar da aka ba kowane harafi a kwamfuta, kawai yake kwatantawa. Z tana 90, z tana 122, Ɗ tana 394, Ƙ tana 408. Ka ga dole su faɗa ƙarshe. Ga dabara mai sauƙi:

```
def mabudi(suna):
    s = suna.lower()
    for a, b in (("ɓ","b~"), ("ɗ","d~"), ("ƙ","k~"), ("ƴ","y~")):
        s = s.replace(a, b)
    return s

jeri = sorted(sunaye, key=mabudi)
```

Alamar ~ lambarta 126, ta wuce z, saboda haka Ɗahiru zai zo bayan duk masu D, kafin masu E. Sunan na asali ba ya canzawa, kwatanci kaɗai ake yi da kwafin.

Aminu_TudunWada: Na gode ƙwarai, duka biyun sun yi. Amma Malam, neman 'Yar'adua a jerin wani lokaci ba ya fitowa alhali sunan na nan.

MalamSani_Samaru: Wannan ita ce wadda na fi so ka kula da ita, don tana ɓoye ɗalibi gaba ɗaya. Waƙafin saman nan iri uku ne a kwamfuta: na allon rubutu U+0027, wanda Word ke lanƙwasawa U+2019, sai U+02BC. Ido na ganinsu kusan ɗaya, amma `==` na ganin haruffa uku daban. Zaɓi ɗaya, ka mayar da sauran zuwa gare shi da `replace()` tun lokacin shigar da suna, haka kuma ka yi wa abin da mai nema ya rubuta. Idan akwai mai rubuta ƴ kamar yadda ake yi a Nijar, mayar da ita 'y a wannan matakin. Sannan in za ka kai sunayen rumbun bayanai mai aiki da umarnin SQL, kada ka liƙa su cikin umarnin da `+`, waƙafin zai yanke jimlar a tsakiya. Yi amfani da `?` ka miƙa sunan daban: `cur.execute("SELECT * FROM dalibai WHERE suna = ?", (suna,))`.